Miya Ba Nama

A Zangon Ayigya, kamar sauran zangunan Kumasi, da nama ake auna daraja. Idan baƙo ya sauka daga Bolga ko Bawku ko Wa, hankalin maigida ba ya kwanciya sai an kama kaza. Idan mace ta aika wa maƙwabciyarta miya, kafin a ɗanɗana gishiri an riga an ƙirga tsoka. A gidan abinci na bakin titi, wanda ya ce a zuba masa miya kawai yakan faɗa da murya ƙasa-ƙasa, don kada na kusa da shi ya ji. Ba wanda ya rubuta wannan doka, amma yaro ɗan shekara biyar ya san ta.

Saboda haka abin mamaki ne ga mutumin zango ya ji cewa akwai gidajen abinci a duniya inda ba a dafa nama ko kifi, ba ƙwai, ba nono, ba man shanu, kuma masu kuɗi ne suke zuwa su biya da farin ciki. Abin da talaka yake ci da kunya, wani yana cinsa da fahariya. Daga nan tambaya takan taso a tsakanin masu bi: shin barin nama ibada ce? Wanda ya bar shi ya fi mai ci tsarki, ko kuwa ya raina kyautar Allah ne? Tambayar ba ta wasa ba ce, gama a zango maganar nama ta taɓa zaman maƙwabta, da mutuncin talaka, da abincin mahauci.

Ƙasar makiyaya da miyarta

Yana da kyau a fara da misali daga nesa, domin abin da yake nesa ya fi sauƙin dubawa ba tare da fushi ba. Akwai wata ƙasa a tsakiyar Turai mai suna Hangari, babban birninta Budapest. Ba baƙuwa ba ce sarai ga mutanen Ayigya, waɗanda titin Ankara ne kaɗai ya raba su da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah. A shekarar 2013 gwamnatin Hangari ta buɗe wani shirin ba ɗaliban ƙasashen waje tallafin karatu, kuma 'yan Gana suna cikin masu samu. Don haka yaron da ya tashi da tuwo da miyar ayoyo yana iya samun kansa a teburin mutanen Budapest.

Mutanen Hangari masu son nama ne ƙwarai. Abincin da aka fi saninsu da shi shi ne gulash, wato farfesun naman sa da albasa da dankali da garin jan barkono. Ma'anar sunan a harshensu ita ce makiyayin shanu. A ƙarni na 15 da na 16 makiyayan babban filin ƙasar sukan kora dubban shanu a ƙasa zuwa kasuwannin Biyana da Benis da biranen Jamus, suna dafa farfesun nama a tukunya a kan wuta a fili. Naman alade da kitsensa kuma sun shiga yawancin girkinsu.

Amma ba kowane gida ne yake da nama kowace rana ba. Sai matan talakawa suka riƙa dafa miyar da albasa da barkono da dankali da karas, babu tsoka ko ɗaya, suka sa mata suna gulash na ƙarya. Sunan yana nan cikin girkin ƙasar. A zamanin yanzu kuwa akwai gidajen abinci a Budapest waɗanda suke dafa abincin gargajiyar ƙasar da tsiro zalla. A maimakon nama sukan sa waken suya, ko naman kaza na daji, ko curin alkama da aka wanke aka dafa har ya yi danƙo kamar tsoka. Baƙi daga ƙasashe dabam dabam suna zama su ci. Ashe miyar da aka ƙirƙira saboda babu ta zama abin marmari.

Zango ma ƙasar shanu ce

Tarihin zangunan Kumasi bai yi nisa da wannan ba. Fataken Hausa sun daɗe suna zuwa Gwanja neman goro, suna kawo tufafi da kanwa da dabbobi zuwa kasuwar Salaga. Bayan da Ingilishi suka ƙone Kumasi a 1874, da yaƙin basasar Salaga a 1892, da kama Sarki Prempeh na Ɗaya a 1896, sai ciniki ya juya kudu, mutanen arewa suka yi ta sauka a Kumasi kanta. Shanu ba sa yin kyau a kurmin Asante saboda ƙudan tsando, don haka daga arewa ake kawo su. Fawa ta zama sana'ar mutanen zango, da sarkinta da tsarinta, har tsiren da duk Gana take kira cicinga daga hannunsu ya fito.

Duk da haka, in an duba tukunyar zango da gaskiya, yawancin abin da yake cikinta daga gona ya fito. Koko da ƙosai da ake karya kumallo da su gero ne da wake da mai. Shinkafa da wake, wadda ta bazu ko'ina a Gana da sunan da aka ɗauko daga kalmar wake, ba ta bukatar tsoka kafin ta ƙosar. Kuka, kuɓewa, ayoyo, zogale, gyaɗa, daddawa, waɗannan ne suka raini yawancin mutanen arewa. Kakannin da suka taka daga Kano zuwa Salaga ba kowace rana suke ganin nama ba. Zango yana da nasa gulash na ƙarya tun da daɗewa, sai dai bai taɓa yin alfahari da shi ba.

Su wa suke barin nama, kuma don me?

Barin nama da gangan ba sabon abu ba ne, kuma masu bi suna da hannu a cikinsa. A 1809 wani mai wa'azi a garin Salford na Ingila, William Cowherd, ya roƙi jama'arsa su daina cin nama. Mabiyansa suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu ƙin nama a 1847. A 1944 kuma Donald Watson da abokansa suka ƙara gaba, suka kafa ƙungiyar waɗanda suke barin har nono da ƙwai, su ne masu cin tsiro zalla na yau.

A ƙasar Asante an fi sanin wannan koyarwa ta wurin ikilisiyar masu kiyaye Asabar. Tun 1863 Ellen White ta fara koya musu kula da lafiyar jiki, da ƙarfafa su ga cin hatsi da ganye da 'ya'yan itace. Mishan ɗinsu ya kafu a Agona ta Asante a 1914. Ba dukansu ne suka bar nama ba, amma suna guje wa alade. Kiristocin Habasha sukan bar nama da nono da ƙwai a yawancin ranakun Laraba da Jumma'a, da kwana 55 kafin Ista. Katolika sukan bar nama ranar Larabar Toka da Jumma'o'in azumi. Akwai kuma 'yan Rasta, waɗanda da yawa cikinsu ba sa taɓa nama ko kaɗan.

Dalilansu uku ne manya, kuma bai kamata a yi musu dariya ba. Na fari shi ne tausayin dabba. Duk wanda ya ga yadda ake cusa shanu a babbar mota daga Paga har Kumasi, kwana da yini cikin rana da ƙishi, ya san akwai abin tausayi. Littafin Karin Magana ma ya lasafta kula da ran dabba cikin halayen adali. Na biyu shi ne lafiya, gama yawan kitse da gishiri suna da hannu cikin hawan jini da ciwon zuciya. Na uku shi ne ƙasa kanta. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2013 cewa kiwon dabbobi yana haddasa kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da 'yan Adam suke fitarwa mai ɗumama duniya.

Amma akwai wata gaskiya a ɗaya gefen. Akwai sinadarin da jiki yake bukata don jini da jijiyoyi, mai suna bitamin B12, wanda ba a dogara ga tsiro a same shi. Mai cin tsiro zalla a Budapest yakan sayi ƙwayarsa a kantin magani. Mace mai ciki a Ayigya, wadda jininta ya yi ƙasa, ɗan kifi ko ƙwai ko hanta magani ne a gare ta. Wanda ya hana ta da sunan ibada ya ɗora mata kayan da shi bai ɗauka ba. Haka kuma saniyar Bafillace da take kiwo a dajin da ba ya nomuwa ba daidai take da wadda aka sare kurmi don a noma mata abinci ba.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

Mai neman aya guda wadda za ta rufe bakin abokin gardamarsa ba zai samu ba, domin Littafi ya ba kowane gefe abin riƙewa. A Farawa sura 1 abincin da aka fara ba mutum tsiro ne da 'ya'yan itace. A sura 9, bayan ruwan tsufana, aka halatta wa Nuhu nama, aka hana shi jini. Daniyel da abokansa a Babila sun ƙi abincin sarki, suka zauna a kan ganye da ruwa kwana 10, aka same su sun fi sauran samari kyan jiki. Amma Ibrahim ya yanka wa baƙinsa maraƙi, Yesu kuma ya ci Idin Ƙetarewa, ya ci gasasshen kifi a gaban almajiransa bayan tashinsa. A Markus sura 7 ya koyar cewa ƙazantar mutum daga zuciyarsa take fitowa, abin da ya shiga ciki kuwa wucewa yake yi.

Manzo Bulus ne ya fuskanci matsalar kamar yadda take a zango. A birnin Roma akwai masu bi waɗanda suke cin kome, akwai waɗanda suka tsaya a kan ganye saboda lamirinsu. A Romawa sura 14 bai umarci mai ganye ya ci nama ba, bai kuwa umarci mai nama ya bari ba. Ya hana ɗayan raini, ya hana ɗayan yanke hukunci, tun da yake Allah ya karɓi su biyun. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti ya tsauta wa masu mai da haramta abinci doka a kan kowa. Amma shi ɗin ne kuma, a Korintiyawa ta Fari sura 8, ya nuna a shirye yake ya rabu da nama har ƙarshen ransa idan cinsa zai sa ɗan'uwa ya faɗi.

Wannan shi ne ma'aunin. Nama ba ya kusantar da mutum ga Allah, barinsa ma haka. Abin da ake tambaya shi ne: cin da mutum yake yi, ko barin da yake yi, wa ya jawo kusa, wa ya kora?

A tsakar gidan haya

A Ayigya gida ɗaya yakan ɗauki iyalai da yawa, madafa ɗaya, famfo ɗaya. A nan za a sami Musulmi Bahaushe ko Bamoshe, da Bafrafre Bakatolike, da Badagare, da Batone mai kiyaye Asabar, da ɗalibin jami'a wanda ya karanta wani abu ya bar nama. Kowa da abin da ba ya ci. Musulmi ba ya cin alade ko abin da ba a yanka bisa ƙa'idar addininsa ba. Mutanen Asante da na arewa da yawa suna da dabbar da gidansu ya haramta tun kaka da kakanni.

Mutanen zango sun daɗe da samo hikimar zama tare. Kirista yakan kira maƙwabcinsa Musulmi ya yanka masa kazar Kirsimati, domin kowa a gidan ya iya ci. Ranar Babbar Salla kuma naman layya yakan shiga ɗakunan Kirista. Waɗansu masu bi sukan yi shakkar karɓa. Shawarar Bulus ga Korintiyawa ita ce baƙo ya ci abin da mai masauki ya ajiye masa ba tare da bincike ba. Amma wanda lamirinsa bai yarda ba, kada a tilasta masa. Ya yi godiya da ladabi, kada ya ɓata fuska, kada kuma ya zargi ɗan'uwansa da ya karɓa.

A nan ne amfanin miya ba nama yake bayyana. In an dafa wake da shinkafa da miyar tumatir da man gyaɗa, a tukunya mai tsabta, ba mai tambayar wa ya yanka. Musulmi zai ci, mai kiyaye Asabar zai ci, Bakatolike zai ci ko ranar Jumma'ar azumi ce, ɗan Rasta zai ci. Ita ce akushi ɗaya tak da dukan gidan zai iya sa hannu a ciki. Abin da aka raina saboda na talaka ne, shi ne ya fi kowane girki faɗin ƙofa.

Wani zai ce: ashe Kirista ba 'yantacce ba ne? Don me zai bar abin da aka halatta masa saboda dokar wani? Gaskiya ne, 'yantacce ne, kuma ba mai ikon hana shi abin da yake ci a ɗakinsa. Amma wanda ba ya iya ajiye abu ko na yini ɗaya saboda maƙwabci, abin ne yake mulkinsa. Mai soya alade a madafar da kowa yake amfani da ita, yana sane da cewa warin yana hana maƙwabciyarsa shiga, bai karya dokar abinci ba, amma ya karya ta ƙauna. Gobe kuma in ya buɗe baki zai yi maganar Almasihu, wa zai saurare shi?

Wani kuma zai ce: to, in haka ne, kowa ya bar nama a huta. Wannan ma kuskure ne. Mahaucin da yake tashi da asuba zuwa mayankar Kaase yana ciyar da 'ya'yansa da halal. Mai tsire, da mai sayar da ganda, da direban motar shanu, duk maƙwabta ne. Wanda ya bar nama sa'an nan ya riƙa duban waɗannan kamar masu zunubi, ya tsere wa kitse ya faɗa cikin girman kai, wanda ya fi kitse toshe zuciya.

Gaskiya a bakin tukunya

Akwai darasi guda da ya rage daga matan Hangari. Ba su ɓoye wa kowa ba, da bakinsu suka kira miyarsu ta ƙarya, don haka ba ƙarya a cikinta. Gidan abincin tsiro zalla ma yana rubuta abin da yake sayarwa a fili. Ƙarya ta ainihi tana wani wuri dabam: a ce wa maƙwabci Musulmi ne ya yanka alhali ba haka ba ne, ko a zuba romon nama cikin abincin wanda ya ce ba ya ci, a koma gefe ana dariya. Mai yin wannan yana ganin wasa ne, amma ya ci amanar wanda ya amince da hannunsa. Ko ɗan garin busasshen kifi da akan sa a yaji, in an san baƙo ba ya ci, wajibi ne a faɗa masa.

Akwai kuma wata ƙaryar da kunya take haifarwa. Iyali nawa ne suka ci bashi don a ga nama a bikin suna ko aure ko jana'iza, sa'an nan kuɗin makarantar yara ya gagara? Gwauruwa nawa ce ta ƙi gayyatar dattawan ikilisiya gidanta don ba ta da abin yankawa? Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Karin Magana sura 15 ma ta fifita ɗan abincin ganye a gidan da ake ƙauna bisa kiwataccen sa a gidan da ake gaba. Idan ikilisiya ta bar wannan kunya ta yi mulki, ta mai da karɓar baƙi aikin masu kuɗi kaɗai. Shugabanni ne ya kamata su fara karya ta. Fasto ko dattijon da aka ajiye masa tuwo da miyar kuka ba tsoka, ya ci ya side hannu ya sa albarka, ya yi wa'azin da ya fi na kan mumbari ƙarfi.

Saboda haka, wanda aka gayyata cin abinci inda ba nama, ko a Budapest ko a Ayigya, ya tafi ya ci da godiya, kada ya zauna yana tona miya da cokali yana neman abin da ba a yi masa alkawari ba. Wanda ya bar nama saboda lafiya ko tausayi ko azumi, ya riƙe abinsa tsakaninsa da Allah, ya sanar da mai masauki tun da wuri don kada a yi asarar kaza, kada kuma ya mai da teburin mutane wurin shari'a. Mai karɓar baƙi ya tambayi abin da baƙonsa ba ya ci, ya faɗi gaskiyar abin da yake cikin tukunya. Mai hali ya tuna da mai ciki da mai jego da ƙananan yara a gidan, gama su ne suka fi bukatar tsokar da akan ajiye wa maigida.

Ranar da za a tsaya a gaban Ubangiji, ba za a tambayi kowa yawan naman da ya ci ko ya bari ba. Matiyu sura 25 ta nuna abin da za a tambaya: mayunwacin da aka ciyar, da baƙon da aka karɓa. Wannan aiki ne wanda mai wake da man gyaɗa zai iya yi kamar yadda mai sa zai iya. Allah ya ba masu binsa a zango zuciyar da za ta buɗe ƙofa da abin da yake akwai.